Cin Amanar Ƙasa da Ruwa: Dangantakar Ɗan Adam da Muhalli a Yankin Sinja da Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ɗan Adam ya shafe shekaru 100 yana tatsar ƙasa da kogi da daji a yankin Sinja na Jihar Sinnar, da kewayenta a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, ba tare da mayar musu da abin da ya ɗauka ba. Ta bi fuskoki huɗu na matsalar: noman auduga na ban-ruwa, noman tarakta na damina, datse kogi, da ƙuntata gandun dajin Dindir. Abin da takardar ta gano shi ne rashin daidaiton nan hawa biyu ne. Akwai na tsakanin mutum da muhalli, akwai kuma na tsakanin masu kwashe riba daga nesa da masu zama da asara a kusa, cikinsu har da Hausawa 'yan ƙwadago da masunta da manoman bakin kogi. Takardar ta rufe da shawarwari kan mallakar ƙasa da dokar bishiyoyi da haƙƙin ambaliya.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1924 aka tsinci ƙoƙon kan wani mutum na zamanin da a gaɓar kogi a Sinja, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa sun haura 130,000. Ke nan ɗan Adam ya daɗe yana ci yana sha daga wannan kogi. Shekara guda bayan wannan tsintuwa, a 1925, aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar. Sauyin da ya auku a yankin daga wannan shekara zuwa yau ya fi duk wanda hannun mutum ya yi masa a dubban shekarun da suka gabata.

Manufar wannan takarda ita ce amsa tambayoyi uku. Me aka ɗauka daga ƙasa da ruwa da daji? Me aka mayar musu? Wa ya ci ribar, wa kuma aka bari da bashin? Takardar ta dogara da rubuce-rubucen masana da rahotannin hukumomi, musamman aikin Mark Duffield a kan garin Mai Wurno (1981), da na Tony Barnett a kan shirin Jazira (1977), da na Bawa Yamba a kan alhazan Afirka ta Yamma mazauna Sudan (1995), da na Al-Amin Abu-Manga a kan Hausar Sudan (1999), da rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007.

2.0 Yankin da Mutanensa

Sinja ita ce hedikwatar Jihar Sinnar, tana yammacin gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da mutanen wurin ke kira Bahar Azraƙ. Daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma shi ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan Nilu da ke isa Masar. Yakan cika tsakanin Yuli da Satumba, ɗauke da laka mai taki. Nesa da gaɓa kuwa, fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka wadda ke tsattsagewa da rani, ta kumbura da damina.

Hausawa sun shigo yankin ne ta hanyar aikin hajji tun kafin zuwan Turawa. Babbar kwararowa ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, aka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani suka bazu kudu, ta wajen Suki da Sinja har Rusairis, da gaɓar Dindir da Rahad. Sana'o'in da aka fi saninsu da su su ne noman bakin kogi da su da ƙwadagon gona, kuma dukkansu rayuwarsu a hannun kogi da ƙasa take.

3.0 Fuskokin Tatsar Muhalli

3.1 Auduga da madatsar Sinnar

An gina madatsar Sinnar ne don masaƙun Ingila su sami auduga mai dogon zare. Shirin Jazira ya fara da faddan 300,000 (faddan ɗaya bai kai rabin hekta ba), sannan bayan faɗaɗawar Manaƙil da aka kammala a farkon shekarun 1960 ya haura faddan miliyan 2. Da farko an raba ribar auduga gida uku: kashi 40 cikin 100 ga mai hawasha, wato manomin da aka ba gona haya, ragowar kuma tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa. Ɗan ƙwadagon da ke cirar audugar ba shi da kaso a cikin wannan rabo, ƙasar da ke fitar da ita ma haka.

Hausawa da sauran mutanen yamma su ne ƙashin bayan wannan ƙwadago. Wasu sun sami hawasha a farkon shirin, amma mafi yawansu sun ƙare a kambo, unguwannin bukkoki da aka kafa a bakin magudanan ruwa, a kan filin da ba nasu ba. Wanda ya shiga kambo zai ga mace tana ɗiban ruwan sha daga magudanar da ake wanki a cikinta, yara na iyo a gefe, jakuna na sha a ƙasa kaɗan, ga kuma jarkar maganin feshi da aka ɗauraye ana zuba ruwan girki. Wannan ruwa mai tafiyar hawainiya shi ne gidan sauro da na katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Cutukan biyu sun yi ƙamari a Jazira har sai da aka kafa Shirin Kiwon Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi aiki kimanin shekaru 10.

Batun feshi ma abin nazari ne. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa wa audugar Jazira DDT. Da aka yawaita feshi daga jiragen sama don kashe tsutsar auduga, sai maganin ya haɗa da ƙwarin da ke cinye ƙwai da 'ya'yan farin ƙuda. Farin ƙudan ya sami sarari, ya kuma saba da maganin. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya zama babban abokin gaban auduga, yana ɓata zarenta da danƙo, amfanin gona ya faɗi warwas a kakar 1980 zuwa 1981, farashin audugar Sudan ya karye a kasuwar duniya. Manomi ya biya kuɗin maganin da ya haifa masa annobar.

3.2 Noman tarakta a Dali da Mazmum

Noman tarakta na damina ya fara ne a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya iso filayen Dali da Mazmum da ke yamma da kudu maso yammacin Sinja a shekarun 1950. A 1968 aka kafa Hukumar Noman Injuna da tallafin Bankin Duniya. A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta yi Dokar Filayen da Ba a Yi wa Rajista Ba, wadda ta mayar da duk filin da ba shi da takarda mallakar gwamnati, aka kuma rushe mulkin sarakunan gargajiya a daidai wannan lokaci. Da yake manomin ƙauye da makiyayi ba su san wata rajista ba, dajin da suka gada ya zama na rabawa. Aka yanka shi gonaki masu faddan 1,000 zuwa 1,500, aka bai wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi, da yawansu mazauna birni. Wannan ne zamanin da aka yi ta kirarin Sudan za ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa.

Yadda aikin ke tafiya a bayyane yake. A sare dajin dushe da ɗakwara da aduwa, a ƙona itacen a sayar da gawayi, kuɗin gawayin ya biya kuɗin share fili. A shigo da tarakta, a shuka dawa ko riɗi shekara bayan shekara, babu taki, babu hutu, babu juya shuka. Shekarun farko gona takan ba da mamaki, domin takin da daji ya tara take ci. Daga nan amfani ya fara ja da baya, ƙuduji ya mamaye dawa, ruwan sama ya riƙa gudu a bisa ƙasar da ta daskare maimakon ya nutse. Mai gona sai ya tattara injunansa ya nausa gaba cikin sabon daji, sau da yawa wajen iyakar da hukuma ta shata. Dokar Gandun Daji ta 1989 ta wajabta barin kashi 10 cikin 100 na gonar damina da kashi 5 na gonar ban-ruwa ga bishiyoyi, amma wanda ya bi hanyar Sinja zuwa Dali zai yi tafiya mai nisa kafin ya sami inuwar da zai tsaya. Rahoton 2007 da aka ambata ya nuna Sudan ta rasa kashi 11.6 cikin 100 na dazukanta tsakanin 1990 da 2005, ya kuma lissafa noman injuna cikin manyan dalilai.

Abin da aka rasa ya wuce itace. Ɗakwara ita ke ba da ƙaro, tana kuma mayar wa ƙasa ƙarfinta, shi ya sa manomin gargajiya ke barin gona ta koma dajin ɗakwara na wasu shekaru kafin ya sake nomanta. Burtalin makiyaya ma ya shige cikin gonaki. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, makiyayan Rufa'a da Kinana da Fulani da suka saba cin rani a kudu suka sami iyaka a gabansu, da yawa suka dawo da garkunansu Dali da Mazmum, suka tarar babu wurin tsayawa.

3.3 Kogi, jarfi da dazukan bagaruwa

A nan ne matsalar ta fi shafar Hausawa kai tsaye. Jarfi shi ne gangaren gaɓar da ruwa ke rufewa da damina, ya janye daga wajen Oktoba ya bar sabuwar laka. Manomi yakan bi ruwan yana ja da baya, yana shuka layi bayan layi: masara da wake a sama inda ya fara bushewa, kuɓewa da kabewa da tumatir a tsakiya, kankana can ƙasa kusa da ruwa. Ba ya sayen taki, ba ya ta da injin ban-ruwa, kogi ne ke yi masa duka biyun kyauta kowace shekara. Wanda ya san fadamar Rima ko ta Haɗeja ya san wannan noma.

Bayan tudun gaɓa kuma akwai kwaruruka da ambaliya ke cikawa, ruwa ya kwanta wata da watanni. A cikinsu ne dazukan bagaruwa na tsakanin Sinnar da Rusairis suke. Tun bayan dokokin gandun daji na 1932 ake kula da su bisa tsari, ana sarewa bi da bi don katakon shimfiɗa layin dogo, wanda ake yankawa a masana'antar katako ta Suki, ana kuma watsa iri idan ruwa ya janye. 'Ya'yan bagaruwar na zuwa wa majema, furenta na ƙudan zuma, kifi kuma a cikin waɗannan kwaruruka yake hayayyafa kafin ya koma kogi. Dajin da gonar jarfi da komar masunci, duk ambaliya guda ce ke riƙe da su.

An kammala madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, abin da ya ɗaga ruwan da take riƙewa daga kimanin kubik mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Tafkin ya haɗiye jarfi da lambunan ƙauyuka masu yawa, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa da aka raɗa wa lambobi a madadin sunaye. Sannan ga Babbar Madatsar Habasha, wadda aka fara ginawa a 2011, aka fara tara mata ruwa a Yulin 2020, aka buɗe ta a Satumban 2025, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74.

Adalci ne a faɗi amfaninta ga Sudan. Za ta rage irin ambaliyar 2020 da ta rushe gidaje a Sinja. Za ta tare lakar da ta cinye fiye da rabin cikin tafkin Sinnar, wadda kuma ke toshe magudanan Jazira kowace shekara. Za ta daidaita ruwa rani da damina, wutar Rusairis ta ƙaru. Amma lakar da injiniya ke kuka da ita, ita ce takin mai jarfi, ita ce kuma jarin mai yin jan bulo a bakin kogi. Kogin da ba ya cika ya batse ba zai shiga kwarin bagaruwa ba. Ruwan da aka tace wa laka kuma ya fi cin gaɓa, ga lambunan ayaba da mangwaro na Sinja a bakinta. Shekaru aka yi ana tattaunawa tsakanin Habasha da Sudan da Masar a kan kason ruwa da jadawalin cika tafki, kamar yadda yarjejeniyar 1959 ta raba wa Masar biliyan 55.5 da Sudan biliyan 18.5. Mai jarfi da masunci ba su da kujera a ko ɗaya daga cikin teburan.

3.4 Gandun dajin Dindir

An keɓe gandun Dindir, gabas da Sinja a kan iyakar Habasha, a 1935, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 10,000. Namun dajinsa da dama sukan fita da damina zuwa filayen da ke kewaye, su dawo da rani su sha a tafkunan cikin gandun. Da gonakin tarakta suka cinye wuraren kiwon daminar, dabbobin suka rasa rabin gidansu. Raƙumin dawa ya ɓace daga gandun a shekarun 1980, wani nau'in barewa ya riga shi ɓacewa, garkunan dari suka ƙare. Fari na 1984 zuwa 1985 ya ƙaro ƙauyuka a gaɓar Rahad da Dindir, makiyayan da aka hana burtali kuma suka riƙa kutsawa gandun da shanunsu. Mai gadin daji yakan kama makiyayi da mai saran itace da mai ɗiban zuma, alhali wanda ya koro su can yana birni da takardar izininsa.

4.0 Wa Ya Ci, Wa Ya Biya

Idan aka jera waɗannan fuskoki huɗu, salo guda ne ke maimaita kansa. Mai yanke shawara yana nesa, ba ya shan ruwan magudana, ba ya zama a kan gonar da ta mutu. Lissafinsa na buhu ne da ƙulli da kilowat, abin da ba ya shiga kasuwa kamar laka da inuwa da ƙwan kifi kuwa, farashinsa sifiri ne a littafinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya wanke talaka daga nasa laifin. Akwai Bahaushe a cikin masu ƙona gawayi, akwai masuncin da ke jefa raga mai ƙananan idanu ya kwashe har 'ya'yan karfasa, akwai mai nome gaɓa har bakin ruwa. Sai dai a tambaya: wanda ke zaune a kambo shekaru 50 ba shi da takardar ko taku ɗaya, don wa zai dasa bishiyar da sai bayan shekaru 10 za ta yi inuwa? Rashin tabbas a kan ƙasa shi ke koya wa mutum ya ci na yau ya bar gobe.

Idan ƙasa ta ƙuntata, maƙwabta ne ke fara juya wa juna baya. Rikicin da ya ɓarke a yankin Shuɗin Nilu a Yulin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya raba dubban mutane da gidajensu. Yana da dalilai na siyasa da na neman sarauta, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce wa ke da ikon ƙasa, kuma wasu daga cikin wuraren da aka fi zubar da jini garuruwan da aka tsugunar da mutanen da tafkin Rusairis ya tasa ne. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara dagula al'amari. Sinja ta faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba. Da iskar gas ta girki ta yanke, tukunyar kowane gida ta koma kan itace da gawayi.

5.0 Darasi Daga Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan. Madatsar Bakolori ta rage ambaliyar fadamun da ke ƙasa da ita, kuma boren manoman da aka ƙwace wa gonaki ya ƙare da zubar da jini a 1980. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ruwan dausayin Haɗeja da Nguru, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, bincike kuma ya nuna amfanin da ake samu daga kowane ɗigon ruwa a dausayin ya fi na gonakin ban-ruwan da aka karkatar da shi dominsu.

Akwai kuma darasi mai daɗi daga Maraɗi. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a yi masa aski har ya zama bishiya. An ƙiyasta hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce. Tunanin ma ba baƙo ba ne ga zuriyar mutanen Mai Wurno, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin raya mataccen fili da hurumin gari da na rijiya da makiyayar da ake keɓewa don amfanin kowa.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, a ba mazauna kambo da manoman jarfi da ƙananan manoman damina takardar tabbaci a kan filayen da suke zaune da waɗanda suke nomawa, ba tare da duba ƙabila ba.

Na biyu, a ɗaure sabunta hayar kowace gonar tarakta da cika sharaɗin kashi 10 na bishiyoyi, wanda ya ƙi a karɓe gonar.

Na uku, Sudan ta sa sakin ruwan ambaliya na ɗan lokaci a kowace shekara cikin tsarin tafiyar da Rusairis da Sinnar, ta kuma kai batun teburin tattaunawa da Habasha, don jarfi da dazukan bagaruwa su rayu. Inda hakan ya gagara, a biya diyya.

Na huɗu, a sake shata burtali da mashaya a Dali da Mazmum da kewayen Dindir, tare da sarakunan manoma da na makiyaya.

Na biyar, sarakunan ruwa da limamai da shugabannin ƙauyukan Hausawa su farfaɗo da dokar hana su a lokacin da kifi ke ƙwai, da hana raga mai ƙananan idanu.

Na shida, jami'o'in Sinnar da Jazira su ƙulla zumuncin bincike da na Kano da Sakkwato da Maraɗi, domin matsalar iri ɗaya ce, harshen wasu daga cikin manoman ma ɗaya ne.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa tun 1925 ake tafiyar da yankin Sinja da Jazira bisa lissafin da ke ƙirga abin da aka ɗauka, ya manta da abin da ya kamata a mayar. Ta kuma nuna cewa wanda aka tauye a rabon ƙasa shi ne wanda lalacewar muhalli ke fara kayarwa, don haka gyaran ɗaya ba zai yiwu ba sai da ɗayan. Ranar da yaƙi ya lafa, za a zo da manyan tsare-tsaren sake gina noma a Sudan, da masu zuba jari daga waje masu neman faddan dubu-dubu. Kiranmu ga masana da mahukunta da shugabannin al'umma shi ne kada a sa hannu a kan ko ɗaya daga cikinsu sai an ji ta bakin mai jarfi da masunci da makiyayi da mazaunin kambo, an kuma rubuta a cikin yarjejeniyar abin da za a mayar wa ƙasar.